Yarinyar da Ta Ƙi Barin Kusurwar Aji

Bukoki, Yamai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga ɗanta. Allah Ya kai ka ƙauyen nan na bayan Dakwaro lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya haɗa ka da diraktan makaranta mai tsoron Allah da maƙwabta na kirki.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, ga shi muna gida ɗaya, ƙofar ɗakinka tana kallon tawa. Ka san halin da muryata take ciki. In na ja magana tari yake sarƙe ni, kai kuma da an fara maka zance mai nauyi sai ka sunkuyar da kai ka ce "To, Inna," ka tashi ka fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, ina yi ina hutawa, don idon ma ya fara gajiya. Motarka sai jibi, kana da lokacin karantawa.

Ranar da ka dawo daga makarantar horon malamai da takardun nan masu cewa a koya wa yara sanin abin da ke ransu, da riƙe fushi, da zama da juna, na ji ka kana dariya da abokinka a ƙofar gida. Ka ce wannan aikin masu aji mai fanka ne. Ka ce kai da za a ba rumfar zana cike da yara har bakin ƙofa, ina ka ga lokacin tambayar kowa abin da ke damunsa? Ban tanka ba, don ni ma haka na faɗa a zamanina, har na fi ka iya faɗa. Ba zan yi maka gardama a kan takardun ba, ban ma karanta su duka ba. Labarin yarinya ɗaya zan ba ka, sunanta Hamsatu, da abin da na yi mata.

Shekarar da kogi ya fasa ya shiga unguwar Kirkisoy ne. Kai kana ƙarami, kana lakwal, wato makarantar boko, a nan Bukoki, ni kuma kullum ina ƙetare gada zuwa can, ina riƙe da aji uku. Gidajen laka sun zube da damina, aka kwashe mutane aka zuba su cikin azuzuwanmu tunda ana hutu. Da lokacin komawa karatu ya zo, aka mayar da su tantuna a wani fili. Ranar da muka buɗe ajina, bangon ya yi baƙi da hayaƙin girki, ga ƙusoshi an kakkafa ko'ina, ga warin danshi. Muka share, muka jera bencina, na ce shi ke nan, abin ya wuce. Ban tsaya na yi tunanin cewa wasu daga cikin yaran da ke gabana a cikin ɗakin nan suka yi ta kwana ba.

Na zaunar da su yadda aka saba, gajeru gaba, dogaye baya. Hamsatu ƴar Zabarmawa ce, ƙarama, siririya, wurinta benci na farko. Da na juya zan rubuta kwanan wata a allo, sai na ji hayaniya a baya. Ta tashi ta koma can kusurwar hagu kusa da taga, inda na ajiye Sa'a, wata doguwar yarinya ƴar wani mai shagon atamfa. Tana tura Sa'a da kafaɗa, Sa'a tana cewa, "Madam, kin ga ta, wurina ne!"

Na ce, "Hamsatu, koma gaba."

Ba ta motsa ba. Na sake faɗa da Faransanci, na faɗa da Hausa, na faɗa da gurguwar Zabarmancina. Ta riƙe ƙafar benci da hannu biyu. Na je na ɓamɓare ta da ƙarfi na kai ta gaba. Washegari haka, wanshekare haka. Ran nan da Sa'a ta ja ta, sai ta kafa mata haƙori a hannu har jini ya fito.

An hana duka tun lokacin, amma kowa yana da guntun tiyo a cikin durowa, ni ma ina da nawa. Na zane ta a gaban aji. Ba ta yi kuka ba, wannan ya ƙara tunzura ni, na ƙara mata. Ban tambaye ta ko sau ɗaya me take nema a kusurwar nan ba. Na riga na yanke cewa taurin kai ne, kuma ina ganin in na bari ta yi nasara a kaina a makon farko, ajin ya fita hannuna har ƙarshen shekara.

Nasiru, tsoron nan za ka ji shi kai ma, na kada yara su raina ka. Kowane sabon mushe, wato malami, yana jin sa. Amma in ka ga yaro yana maimaita abu ɗaya, ya sha duka ya sake komawa kansa, to akwai abin da ya fi dukan zafi a wurinsa. Ka bari sai ajin ya watse, ka tambaye shi. Tambaya ba ta rage maka girma. Ko bai amsa ba ranar, ya dai ji an tambaye shi.

Bayan dukan, na tsayar da su biyun a gaban allo na ce su gafarta wa juna. Na ce, "Hamsatu, ce ki yi haƙuri." Ta faɗa da haƙora a datse. Na ce, "Sa'a, ce na yafe." Ta faɗa tana hawaye, tana riƙe da hannunta da ya kumbura. Na sa suka gaisa, na sa aji ya tafa. Na ji daɗi a raina, na ce na yi sulhu. A ranar, a bakin famfo, ƙawayen Sa'a suka fara yi wa Hamsatu waƙar "ƴar tanti, ƴar tanti". Abin da na koya wa su biyun shi ne cewa ana faɗin haƙuri don babba ya ƙyale mutum. Kada ka yi gaggawar haɗa hannun yara. Ka bari wanda aka cuta ya faɗi abin da aka yi masa har ya gama, ɗayan yana ji, ba ya katse shi. Sannan ɗayan ya faɗi nasa. In ransu bai sauko ba, ka raba su, ka ce gobe. Ba abin da zai lalace kafin gobe.

Uwar Sa'a ta zo da faɗa, dirakta ya ce in kira uban Hamsatu. Malam Hamani sunansa, manomin shinkafa ne a fadamar Kirkisoy, ruwa ya ci gonar ya ci gidan. Ya zo da ƙafafu duk taɓo, ya tsaya a bakin ƙofar aji ya cire hula. Na zayyana masa laifin ƴarsa a gaban yara, a tsaye, da murya sama. Yana ta cewa, "Madam, ki yi haƙuri, Madam, ki yi haƙuri." Sai ya juya ya kama ta ya fitar da ita tsakar makaranta, ya cire takalminsa na roba. Duk azuzuwa sun leƙo ta taga. Ni na kira shi, ni kuma na koma ina riƙe masa hannu ina cewa ya isa. Mutumin da ya rasa komai, na kira shi na ƙara masa kunya a gaban ƙananan yara, ina tsammanin me zai yi da ita?

In za ka kira uba, ka fara sanin halin da gidan yake ciki. Ka zaunar da shi inda ba yara, ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ka fara faɗa masa abu ɗaya mai kyau game da ɗansa. Akwai shi, ko ba ka gan shi ba tukuna. Hamsatu ta fi kowa saurin lissafi a ajin nan, ban faɗa wa ubanta ba.

Daga ranar ta daina. Tana zama a bencin gaba, hannu a kan tebur, ba ta magana, ba ta faɗa, ba ta ɗaga yatsa. Dirakta ya leƙo ya ce, "Kin ga, ta gyaru." Ni ma haka na ɗauka. Na manta da ita, na koma kan masu surutu. Wannan kuskuren ya fi sauran sauƙin yi, don ba ya damun kowa. Yaron da ya yi shiru rana ɗaya bayan an san shi da motsi, ka sa masa ido fiye da mai hayaniya.

Ana haka muryata ta tafi. Dama tun farkon shekara nake ihu daga safe zuwa tashi, ga ƙurar alli. Wata safiya na buɗe baki ban ji komai ba sai iska. Likita ya ce in rufe bakina in huta. To wa zai riƙe ajin? Ba kowa. Na ci gaba da zuwa, ina rubuta abin da zan rubuta a allo, sauran ina raɗa. Abin mamaki, yaran suka rage hayaniya don su ji abin da nake cewa, amma ba wannan nake son faɗa maka ba. Da an fita rekre, hutun tsakiyar karatu, sauran malamai suna haɗuwa a gindin dogon yaro suna cin kopto, kwaɗon zogale, suna hira. Ni da ba ni da bakin hira sai na riƙa zama a aji, bayan kabad, in ɗora kai a tebur.

Nan na gan ta. Ta shigo a hankali, tana tsammanin ba kowa. Ta wuce bencina duka ta je kusurwar nan, ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta miƙa hannu sama tana shafa wata ƙusa. Ba ta kuka, ba ta cin komai. Da aka buga ƙarfe ta tashi ta koma bencinta. Na yi kwanaki ina kallonta haka. Ran nan na tashi na je, gwiwoyina suna ƙara, na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta zabura za ta gudu, na riƙe mata gefen zane. Ba ni da muryar da zan tsorata ta da ita, ina jin shi ya sa ta tsaya.

Na raɗa mata da Zabarmanci, "Me ke nan wurin?"

Ta dubi bangon. Sannan ta ce da Hausa, wai don in gane da kyau, "Nan kakata ta kwanta."

Na ce, "Da kuna nan?"

Ta ce, "I. Nan muka rataya gidan sauro." Ta nuna ƙusar. "Ni da ita muke kwana ciki. Zazzaɓi ya kama ta. Da safe na tashe ta ba ta tashi ba."

Na ce, "Shi ya sa ba ki son Sa'a ta zauna?"

Ta ce, "Tana taka wurin da takalmi."

Nasiru, na koma gida ranar a cikin motar haya ta faba-faba, muna kan gada ina kallon ruwan, ban san lokacin da muka iso kasuwa ba. Yarinyar da na zana da tiyo, na sa ubanta ya zane ta da takalmi, wurin da kakarta ta cika take tsaro.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na koyi darasi da sauƙi. Amma sai tausayi ya kwashe ni na yi abin da ya fi duka muni. Da muryata ta ɗan dawo, na tsayar da darasi, na ce wa ajin duka su saurara. Na ba su labarin kakar Hamsatu daga farko har ƙarshe. Na ce daga yau kusurwar nan tata ce, kuma duk wanda ya sake kiranta ƴar tanti zai gamu da ni. Ina magana ina jin kaina mutuniyar kirki. Ban dubi fuskarta ba sai da na gama. Ta kifa kai a kan tebur ta rufe kunnuwanta da hannu.

Wasu yaran sun tausaya, gaskiya. Wata ta ba ta rabin fari-masa, fanken da ta saya. Amma yara yara ne. Kafin a tashi labari ya zagaye makaranta cewa an mutu a ajinmu. Waɗanda ke zaune a layin baya suka ƙi komawa wurinsu. Wani ya ce ya ga tsohuwa a taga. Uwar Sa'a ta sake zuwa tana cewa ashe a kan wurin gawa aka zaunar mata da ƴa. Aka bar waƙar ƴar tanti aka koma ta "jikar fatalwa". Hamsatu ta daina zuwa.

Na bari ya kai mako, ina cewa za ta dawo. Da ba ta dawo ba na tafi tantunan bayan an tashi. Rana tana dukan ledar tantunan, ciki kamar tanda, mata suna girki a waje a kan duwatsu. Na yi ta tambaya har aka nuna mini nasu. Malam Hamani ya shimfiɗa mini buhu, yana ta ba ni haƙuri, yana cewa kullum sai ya kora ta lakwal amma ta maƙale a hanya. Ya kira ta, ta fito tana goye da ƙaninta. Na ce ya ba mu wuri, ya matsa.

Na ce, "Hamsatu, me ya hana ki zuwa lakwal?"

Ta dubi ƙasa.

Na ce, "Ai don su daina tsokanarki na faɗa musu."

Sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Madam, ke kaɗai na faɗa wa."

Na san abin da ya kamata in ce. Yana nan a bakina. Amma ni madam ce, ga mata suna kallo daga gindin murhu, ga ubanta a tsaye, kuma tunda nake ban taɓa ganin babba ya ba yaro haƙuri ba. Sai na gyara mayafi na ce, "To, gobe ki zo, an kusa jarrabawar kompozisho." Na tashi na tafi.

Ta dawo, don ubanta ya kawo ta da kansa. Ta zauna a kusurwar da yanzu ba mai so, ita kaɗai a benci. Tana amsa lissafi in na tambaye ta, ba ta ƙara mini kalma ɗaya a kan wannan. Kullum ina cewa zan same ta ita kaɗai in faɗa mata, kullum wani abu ya tare ni. Kafin zafi ya shigo aka kwashe mutanen tantunan zuwa wani fili can bayan gari. Wata safiya bencin ba kowa. Na tambaya, aka ce sun tashi. Ban sake ganinta ba, ban san ko ta ci gaba da karatu ba.

Abin da yaro ya faɗa maka kai kaɗai, amana ce, ko da shekarunsa ba su kai a ƙirga ba. In kana ganin faɗa wa wani zai taimake shi, ka tambaye shi tukuna. In abin na haɗari ne da dole manya su sani, ka gaya masa wanda za ka faɗa wa da dalili, kada ya ji a bakin wasu. Da na bar mata kusurwar kawai na ce wa Sa'a ta dawo tsakiya don ta fi ganin allo, da ba wanda ya san komai, da an zauna lafiya.

Bayan tafiyarta na canza wasu abubuwa, ba don na zama gwana ba, don dai na kasa ci gaba yadda nake. Na jefar da tiyon. Kowace safiya kafin mu buɗe kaye, littafin rubutu, ina ɗaukar ɗan lokaci, mu ajiye Faransanci, in tambaye su yadda suka kwana da Hausa da Zabarmanci. Na lura yaranmu kalma biyu suka sani, lafiya da ciwo. Wanda yake jin tsoro sai ya ce cikinsa ke ciwo. Wanda aka wulaƙanta sai ya kai naushi. Sai na riƙa ba su sunayen abubuwan, ina cewa wannan kunya ce, wannan kewa ce, wannan haushi ne, wannan kishi ne don an yaba wa ɗan'uwanka ba a yaba maka ba. Ba na nuna kowa da yatsa. Ina ƙirƙiro yaro in ce wani yaro a wani gari an yi masa kaza, me kuke gani yake ji, me ya kamata ya yi? Za ka sha mamakin yadda suke amsawa, kowa labarin kansa yake bayarwa da sunan yaron nan. Na ajiye tulu a bakin ƙofa, na ce duk wanda ya ji ransa ya ɓaci har hannunsa yana ƙaiƙayi, ya tashi ba tare da neman izini ba, ya sha ruwa, ya wanke fuska, ya dawo. Da farko duk ajin ya zama masu fushi don a sha ruwa. Na daure. Daga baya masu buƙata kawai suke tashi.

Kada ka ɗauka abin ya yi aiki kamar yadda ake rubutawa a takardunku. Wani mai duba malamai ya zo ya tarar muna Hausa a lokacin karatu, ya rubuta mini abin da ya rubuta. Abokan aiki sun ce na lalata yara. Wasu ranakun ni kaina na gaji, na yi tsawa, na tsallake gaisuwar safe don muna baya a darasi. An ci gaba da faɗa a bakin famfo har na bar aiki. Abin da zan iya cewa, akwai ranar da na ji wani yaro mai saurin hannu ya ce wa abokinsa, "Ka ba ni haushi, kada ka yi mini magana yanzu," ya tafi wurin tulu. Da a da ne da sai an raba su. Irin wannan ne ribar, ba ta da yawa, kuma ba mai rubuta maka ita a ko'ina. Kuma ka sani, ba abin da kake faɗa suke ɗauka ba sosai. Suna kallon abin da kake yi in alli ya karye a hannunka, in dirakta ya yi maka faɗa a gabansu, in wani ya zubar maka da ruwa a kan kaye. Daga nan suke koyon yadda ake fushi.

Yanzu bari in zo kanka, don kai ne dalilin takardar nan.

Duk shekarun da nake koya wa ƴaƴan mutane sunan abin da ke ransu, ina dawowa gida ba sauran komai a jikina. In ƙetaro gada, in sauka kasuwa, in yi cefane, in ɗora tukunya. Kai kuma kana jira a bakin ƙofa da labarinka. Na tuna ranar da ka dawo rigarka a yage, kana shessheƙa, ka ce manyan yara sun ƙwace maka ƙwallon da babanka ya sayo maka, sun kuma yi maka dariya. Ina tsaye da kayan miya a hannu. Na ce, "Share hawayenka, kai namiji ne. Na gaji, kada ka ƙara mini." Ka share. Ba sau ɗaya na faɗa maka haka ba, kuma ka ji magana, kai mai jin magana ne tun kana ƙarami. Ka daina kawo mini. Na ji daɗi na ce autana ba shi da rigima, kamar yadda na ji daɗi da Hamsatu ta yi shiru. Ranar da babanku ya rasu, yayyenka suna kuka, kai kana jera kujeru kana kai wa baƙi ruwa. Mutane suna yaba maka. Ni ina kallonka gabana yana faɗuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce, da yayarka Zuwera ta zo daga unguwar Mawre da ɗanta Abdu, ina ɗaki amma labule a ɗage yake. Na ga lokacin da yaron ya ɗauki takardar tura ka aiki yana wasa da ita har ta ɗan yage. Na ga marin da ka yi masa. Ba ka yi tsawa ba, ba ka ce komai ba, hannunka kawai ya tafi. Yaron ya riƙe kunci yana kallonka, don duk duniya ba wanda yake so kamar kawunsa Nasiru. Kai kuma ka ninke takardar ka shiga ɗaki. Na san ba yagewar ce ta sa ba. Tun da aka ce Dakwaro ba ka cin abinci sosai. Kana tsoron tafiya inda ba ka san kowa ba, kana tsoron barina ni kaɗai da ciwon ƙafa, kuma ba ka da wanda za ka faɗa wa, don ni na rufe maka ƙofar tun kana yaro. Jibi za ka tafi inda za a ba ka aji cike da irin Abdu, ba labule, ba mai kallo.

Ba na jin kai mugu ne. Na san ba haka ba ne. Amma abin da mutum bai iya faɗa da baki ba, ta hannu yake fita, na gani a aji har na gaji da gani. Ka nemi wanda za ka riƙa faɗa wa in abin ya yi maka nauyi, ko abokin aiki, ko limamin garin, ko ni in ka ga zan iya. In ka ji hannunka yana tashi, ka fita waje ka bar ajin, ko za su juya bencina.

Abu ɗaya nake roƙonka kafin ka tafi. Gobe ka je Mawre. Kada ka saya masa alawa ka miƙa ka ce shi ke nan. Ka durƙusa daidai tsawonsa, ka ce masa, "Abdu, na mare ka, ban kyauta ba, raina ne a ɓace da wani abu dabam, ka yi haƙuri." Zuwera za ta yi dariya ta ce me ye haka, yaro ne. Ka bar ta ta yi. Zai yi maka nauyi a baki, na sani, ni ya fi ƙarfina a gaban tantin nan. In ka iya faɗa wa Abdu, za ka iya faɗa wa wani yaro a can ranar da ka yi kuskure, kuma za ka yi, kowa yana yi.

Kuma tunda ba daidai ba ne in aike ka abin da ni ban yi ba, ga nawa. Nasiru, ka zo mini da kuka na kore ka, ba sau ɗaya ba. Ban kyauta ba. Gajiya ce, amma ba kai ka jawo ta ba. Ka yi haƙuri, ɗana.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sanyaya maka zuciya da hannu, Ya sa yaran da za a damƙa maka su sami alheri a wurinka. Allah Ya jiƙan babanka. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mini da kai lafiya, in da sauran kwana mu gana.

Wassalam.

Innarka